Me ya sa Isaac Asimov ya jingine ƙagaggun labarai a 1958 alhali tauraronsa na haskawa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tambayata ta shafi waɗanda suka riga ni shiga karatun ƙagaggun labaran kimiyya, musamman na marubutan Amurka na tsakiyar ƙarni na ashirin. A watan jiya na kammala littattafai uku na farko na jerin Foundation na Isaac Asimov, waɗanda aka buga a 1951 da 1952 da 1953, kuma na fito da abubuwa biyu da suka ɗaure mini kai.

Na farko, labarin rushewar daula ne mai mulkin duniyoyi miliyan 25, amma kusan duk abin da ke faruwa a cikinsa a ɗaki yake faruwa. Mutum biyu ko uku za su zauna suna zuƙar taba suna gardama, sai kawai a ce an ci yaƙi ko an kifar da gwamnati, mai karatu bai ga ko tartsatsin wuta ba. Da zarar na fara sabawa da wani jarumi sai babin ya ƙare, a tsallake shekara talatin ko hamsin, a kawo mini wani baƙo. A littafin farko kuwa mace ɗaya na tuna ta yi magana mai tsawo, ita ma mita take yi wa mijinta. Duk da haka ban iya ajiye littafin ba sai da na kai ƙarshe, kuma har yanzu na kasa gane abin da ya riƙe ni.

Na biyu, da na duba jerin ayyukansa sai na ga daga 1958 zuwa 1982 dogayen ƙagaggun labaran kimiyya da ya rubuta ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, alhali a wannan tsakanin ne ya fitar da littattafai sama da ɗari biyu, yawancinsu a kan wasu fannoni. Me zai sa mutumin da ake lissafa shi tare da Robert Heinlein da Arthur C. Clarke a matsayin manyan fagen uku ya juya wa fagen baya yana ɗan shekara 38? Basira ce ta ƙafe, ko kuwa akwai wani dalili?

Dattijon Zaure ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin amsarta na nan cikin yadda aka haifi littafin. Abin da ka karanta ba a rubuta shi a matsayin littafi ba tun asali. Labarai takwas ne da suka fito a mujallar Astounding Science Fiction daga Mayun 1942 zuwa Janairun 1950, kuma tsakanin na biyu da na uku sai da aka yi fiye da shekara biyu. Daga baya ne wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Gnome Press ya tattara su ya raba su gida uku. Sashen da ya buɗe littafin farko, inda aka gurfanar da masanin lissafi Hari Seldon gaban shari'a a Trantor, hedkwatar daular, shi kaɗai aka rubuta musamman domin littafin. Tsallaken shekarun da ya dame ka ke nan: kowane labari an tsara shi ne ya tsaya da ƙafarsa a gaban wanda ya sayi mujallar wannan wata kawai, wanda mai yiwuwa bai taɓa ganin na baya ba.

Sai ka kuma dubi wanda ya rubuta. An haifi Asimov a ƙauyen Petrovichi na Rasha, kuma 2 ga Janairun 1920 ce ranar da yake ɗauka ta haihuwarsa, ko da yake babu takardar da ta tabbatar da ita. Iyayensa Yahudawa ne, sun isa New York da shi a 1923, mahaifinsa ya buɗe shagon alewa da jaridu a unguwar Brooklyn. Shagon nan shi ne makarantarsa ta gaskiya. Tun asuba ake buɗe shi, ba a rufewa sai dare ya raba, kwana bakwai a mako, kuma kowa a gidan yana da nasa aikin. A kan kantar shagon akwai mujallun labarai masu araha da mahaifin yake ɗauka shirme ne, ya kuma hana yaron taɓa su. Yaron ya samo dabara a 1929, lokacin da wata mujalla ta fito da kalmar kimiyya a cikin sunanta: ya nuna wa mahaifin kalmar ya ce ai wannan karatun ilimi ne. Aka bar shi, amma dole ya karanta da tsabtataccen hannu ya mayar da mujallar kamar ba a buɗe ta ba, tunda ta sayarwa ce.

A Yunin 1938, yana ɗan shekara 18, ya kammala labarinsa na farko. Da ya lissafa sai ya ga kuɗin aika shi ta gidan waya senti 12 ne, kuɗin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa zuwa da dawowa kuwa senti 10, don haka ya kai da kansa. Ragin senti biyu ne ya haɗa shi da John W. Campbell, editan Astounding, wanda ya zaunar da shi suka yi hira fiye da awa ɗaya, sannan bayan kwana biyu ya dawo masa da labarin tare da wasiƙa mai bayyana inda ya gaza dalla-dalla. Labarin da ya fara sayarwa wata mujalla ce ta saya, Amazing Stories, ta biya shi dala 64 a kan kalmomi 6,400, ya fito a Maris na 1939. Senti ɗaya kowace kalma, farashin kasuwar ke nan a lokacin.

Yadda Campbell ke aiki da marubutansa ya bayyana yawan gardamar da ka gani. Mutum ne mai son ja-in-ja. Zai jefa wa marubuci wata magana, su yi ta kai-komo a kanta a ofis, sannan marubucin ya koma gida ya mayar da gardamar labari. A Maris na 1941 ya karanta wa Asimov wata jimla ta marubucin Amurka Ralph Waldo Emerson mai cewa da taurari sau ɗaya suke fitowa a shekara dubu, da mutane sun yi ta ɗaukaka ikon Ubangiji, sai Campbell ya ce shi a ganinsa haukacewa za su yi. Daga nan aka sami "Nightfall", labarin wata duniya mai rana shida wadda duhu ba ya rufe ta sai sau ɗaya a shekara 2,049. Da cek ɗin dala 166 ya iso, Asimov ya lissafa ya ga an yi masa ƙari, ya buga waya don ya mayar da rarar, sai aka ce masa tukuici ne, an biya shi senti ɗaya da kwata. A 1968 ƙungiyar marubutan fagen ta Amurka ta zaɓi wannan labari a matsayin mafi kyau cikin gajerun da aka rubuta kafin 1965. Ni dai ban kai shi can ba, amma ban taɓa mantawa da shafukansa na ƙarshe ba.

Foundation ma haka ta samo asali. Ranar 1 ga Agustan 1941 yana cikin jirgin ƙasa zai je wurin Campbell ba shi da ko ƙwayar dabara a kansa, sai ya buɗe wani littafi da ke hannunsa ya ci karo da hoton soja. Tunanin soja ya kai shi ga dauloli, dauloli suka kai shi ga tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon, wanda ya riga ya karanta. Kafin ya sauka ya yanke shawarar rubuta faɗuwar Rum a sararin samaniya. Ka tuna yaro ne ɗan shekara 21, ɗalibin jami'ar Columbia, wanda bai taɓa ganin fagen daga ba kuma da ƙyar ya taɓa fita daga New York. Abin da ya sani shi ne littafi da gardama, su ya zuba. Batun mata kuwa shi da bakinsa ya amsa cewa a wancan lokaci bai san su ba, shi ya sa ya kauce musu. Bayan ya auri Gertrude Blugerman a 1942 ne ka ga Bayta Darell ta bayyana a littafi na biyu, kuma ita ce ta gano abin da duk mazan labarin suka kasa ganowa.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Baba ya share fage, Allah Ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa tambaya ta biyu, ƙanena, domin a ganina kalmar juya baya ba ta dace da abin da ya faru ba.

Asimov masanin sinadarai ne. Makarantun likitanci sun ƙi ɗaukarsa, sai ya karkata ga kimiyyar sinadarai a Columbia, yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu, ya yi aiki a wata cibiyar gwaje-gwaje ta sojan ruwa a Philadelphia daga 1942 zuwa 1945 tare da Heinlein da L. Sprague de Camp, sannan ya sami digirin digirgir a 1948. Akwai wani abu da ya faru a shekarar da ke nuna halinsa sarai. Yana cikin shirin rubuta kundinsa sai ya ji tsoron cewa shekarun da ya yi yana koyon rubutu mai sauƙi sun hana shi iya busasshen salon da malaman jami'a ke so. Don ya gwada hannunsa sai ya ƙirƙiro takardar bincike ta bogi, da jadawali da zane da komai, a kan wani sinadari da ya raɗa wa suna thiotimoline, wanda wai yake narkewa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai kafin a zuba masa ruwa. Ya roƙi Campbell ya buga da sunan aro saboda tsoron masu jarraba shi, Campbell ya buga da sunansa na gaskiya. Ranar kare kundin, bayan an gama yi masa tambayoyi masu zafi, sai ɗaya daga cikin malaman ya ce ya yi musu bayanin halayen thiotimoline. A nan ya gane ya ci.

A 1949 ya kama aikin koyar da kimiyyar sinadaran jikin halitta a makarantar likitanci ta jami'ar Boston. A aji babu kamarsa, a ɗakin bincike kuwa ba ya tsinana abin kirki, kuma bai ɓoye hakan ba. Shugaban makarantar, Chester Keefer, yana son malamai masu bincike, Asimov kuwa yana amfani da lokacin binciken yana rubuta littattafai. Rigima ta yi tsami har aka tsayar da albashinsa a tsakiyar 1958, amma ya kafe a kan sai an bar masa muƙaminsa na mataimakin farfesa, aka kuwa bar masa, har jami'ar ta ɗaga shi zuwa cikakken farfesa a 1979. Abin lura shi ne tun shekaru kafin rigimar abin da yake samu daga alƙalami ya zarce albashin. Saboda haka daga 1958 mutum ne mai mata da 'ya'ya biyu wanda tafireta ce kaɗai gonarsa, dole ya dubi inda kasuwa take.

Kasuwar kuwa ta juya a daidai wannan lokaci ta fuska biyu. A 1957 babban kamfanin da ke rarraba mujallu a Amurka, American News Company, ya rushe, mujallun ƙagaggun labaran kimiyya da yawa suka bi shi. A ranar 4 ga Oktoban wannan shekara kuma Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurkawa ya tashi, suka ga an bar su a baya a ilimin kimiyya. Majalisarsu ta yi dokar zuba kuɗi a ilimi a 1958, makarantu da ɗakunan karatu suka shiga neman littattafan da za su fahimtar da yara da manya kimiyya cikin harshen da kowa zai gane. Babu wanda ya fi Asimov dacewa da wannan gurbi. Ga shi aikin ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, domin dogon ƙagaggen labari kan ci masa watanni, littafin bayani kuwa makonni. Daga Nuwamban 1958 ya fara rubuta maƙalar kimiyya kowane wata a mujallar Fantasy and Science Fiction, bai fasa ba sai da ya rubuta 399. Daga kimiyya ya zarce tarihin Girka da Rum da Masar, ya yi sharhin Baibul da na wasannin Shakespeare, har adadin littattafan da ya rubuta ko ya tace ya kai wajen 500.

Abin da nake so ka lura da shi, ƙanena, shi ne sana'arsa ɗaya ce tun farko har ƙarshe, wato bayani. Dubi ginshiƙin Foundation, ilimin nan na Seldon mai hasashen makomar al'umma ta hanyar lissafi. Darasin aji ne na halayyar iskar gas aka sa masa riga. Babu mai iya faɗin inda ƙwayar gas ɗaya za ta nufa, amma idan ƙwayoyin sun kai biliyoyin biliyoyi, ana iya faɗin matsinsu da zafinsu daidai wa daida. Asimov ya ce to a ɗauki mutane a matsayin ƙwayoyin, ya kuma gindaya sharuɗɗa biyu kamar yadda malamin kirki zai yi: jama'ar su kasance masu ɗimbin yawa, kuma kada su san abin da aka hasasa a kansu, domin sani zai canza halinsu. Da wannan lissafi ne Seldon ya ce zamanin duhu na shekara 30,000 za a iya taƙaita shi zuwa 1,000. Ina kyautata zaton abin da ya riƙe ka har ƙarshen littafin ke nan: kowane babi matsala ce da aka shimfiɗa a gabanka da dukkan sharuɗɗanta, kana son ka ga yadda za a warware. Paul Krugman, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2008, ya sha faɗin cewa sha'awar zama irin Seldon ce ta kai shi ga fanninsa.

Mai Ja-in-ja ya rubuta:

Ina neman afuwar Baba da Malama, amma ina ganin an yi wa mutumin nan kwalliya fiye da kima, kuma bai kamata a sallami mai tambaya da rabin magana ba.

Uzurin mujalla da senti ɗaya ba ya tsayawa. Theodore Sturgeon da C. L. Moore, wadda mace ce, a Astounding ɗin nan suka yi rubutu, a hannun edita ɗaya, a farashi ɗaya, amma mutanen cikin labaransu suna da jini a jika. Mutanen Asimov yawancinsu bakuna ne kawai da aka rataya wa suna. Wuri mafi rai a littattafan uku shi ne bayyanar Mule, mutumin da ke iya juya zukatan jama'a, wanda lissafin Seldon bai hango shi ba. To wannan ma Campbell ne ya matsa a 1945 cewa sai an wargaza shirin Seldon, Asimov ya yi ta turjiya kafin ya yarda. Haka kuma rashin wasu halittu masu hankali a duk faɗin daular tasa gudun rigima ne ya jawo shi. Campbell ya dage cewa duk inda ɗan'adam ya haɗu da wata halitta dole ɗan'adam ya fi ta, Asimov kuwa ya hango wariyar launin fata a ƙarƙashin wannan ra'ayi, maimakon ya tunkare shi sai ya share baƙin halittun gaba ɗaya.

Game da 1958, duk abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, sai dai akwai saura. A shekarun 1960 wasu matasa sun shigo fagen da sabon salo mai kula da harshe da zurfin hali da batutuwan da a da ba a taɓawa, kuma Asimov ya amsa a rubuce cewa ya ji kamar fagen ya wuce shi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, shi ma ya san haka. Sannan kuɗin Foundation ɗin da ake ta yabo bai shiga aljihunsa ba a farko, domin Gnome Press ba ta biyan marubuta haƙƙinsu yadda ya kamata, sai da kamfanin ɗab'i na Doubleday ya karɓi littattafan a 1961 suka fara kawo masa abin kirki. A 1966 aka ba jerin Hugo, babbar kyautar wannan fage, a matsayin jerin da ya fi kowane a tarihi, alhali shi kansa ya ɗauka Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, za a ba.

Na yarda The Gods Themselves na 1972 aiki ne na gaske, musamman sashensa na tsakiya mai halittu masu jinsi uku, wanda kamar ya rubuta ne don ya rufe bakin masu cewa bai iya baƙin halittu ba. Amma dawowarsa ta 1982 matsin kamfanin ɗab'i ne da kafin alƙalami na dala 50,000. Foundation's Edge, littafi na huɗu a jerin Foundation, ya shiga sahun littattafan da aka fi saye, ya ci Hugo, duk da haka ni a wurina littattafan wannan zango kumbura kawai suka yi, ya ɓata ƙarfinsa wajen ɗinke labaransa na mutum-mutumi, wato injuna masu tunani, da na daula su zama tarihi ɗaya, abin da babu wanda ya roƙe shi.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Sananne ne a tarukan marubuta da ofisoshin ɗab'i cewa yana taɓa mata ba da yardarsu ba, shekara da shekaru, ana mayar da abin wasa saboda girman sunansa. Wanda zai karanta tarihin rayuwarsa ya kamata ya san wannan tare da sauran.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba da Malama da Yaya Mai Ja-in-ja, kowannenku ya buɗe mini ƙofar da ban san da ita ba. Saura abu ɗaya. An ambaci labaran mutum-mutumi a gurguje, ni kuwa ban karanta ko ɗaya ba, sai dai ina yawan jin ana kawo dokokinsa uku idan ana zancen ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta. Shin dokokin nan suna da wani amfani a wurin masu ƙera injuna na gaske, kuma daga wane littafi ya kamata in fara?

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

Ɗan'uwa, dokokin ga su a taƙaice. Kada mutum-mutumi ya cutar da ɗan'adam, kada kuma ya naɗe hannu har cuta ta same shi. Ya bi umarnin ɗan'adam, sai in umarnin ya ci karo da dokar farko. Ya kare kansa, muddin hakan bai ci karo da biyun farko ba. An fara jera su cikakku a labarin "Runaround" na Maris 1942, kuma Asimov yakan ce Campbell ne ya tsara su, Campbell kuma ya ce a cikin labaran Asimov ya tsinto su.

A matsayina na wanda ya yi aiki da injuna masu sarrafa kansu, amsata ita ce ba a iya rubuta waɗannan dokoki a cikin manhaja, domin kalmar cuta da kalmar ɗan'adam ba abubuwa ba ne da inji ke iya aunawa kamar zafi ko nauyi. Abin da masu kawo dokokin a muhawara ke mantawa shi ne Asimov ya riga kowa sanin haka, kuma kusan kowane labari nasa nuni ne ga inda dokokin ke yoyo. A "Runaround" an aiki wani mutum-mutumi ya ɗebo ma'adini a duniyar da ta fi kowace kusa da rana. An ba shi umarnin da sakaci, wurin kuma akwai haɗari gare shi, sai doka ta biyu da ta uku suka yi kunnen doki, ya kama zagaye wurin kamar mashayi, ba ya matsawa ba ya dawowa. Sai da ɗaya daga cikin mutanen ya jefa kansa cikin zafin rana da gangan, dokar farko ta rinjayi sauran, sannan injin ya dawo hayyacinsa. A "Liar!" na 1941 kuwa injin yana karanta zuciya, ya fahimci cewa ɓacin rai ma cuta ne, sai ya shiga faɗa wa kowa abin da yake son ji, har ya sa Susan Calvin, masaniyar halayyar mutum-mutumi a labarin, ta yarda cewa wani abokin aikinta na son ta. Duk wanda ya ga yadda manhajojin hira na yanzu ke bin ra'ayin mai tambaya don su faranta masa zai ji labarin nan ya taɓa shi. Susan Calvin ɗin nan kuma ita ce amsata ga Malam Mai Ja-in-ja, domin ba baki ba ce kawai, kuma abin da ta yi wa injin a ƙarshen labarin ba ya fita a rai.

Tasirinsa na gaske a wani wuri yake. Kafin shi yawancin labarai suna nuna injin da ya tashi ya hallaka wanda ya ƙera shi, shi kuwa ya ɗauke shi kayan aiki da injiniya ke sa wa matakan kariya kamar kowane inji. Kalmar robotics, wadda Turanci ke kiran fannin da ita a yau, daga alƙalaminsa ta fito. Joseph Engelberger, wanda kamfaninsa ya kafa mutum-mutumin masana'anta na farko a wata ma'aikatar General Motors a 1961, ya ce karatun Asimov ne ya sa masa sha'awar.

Ka fara da I, Robot na 1950, wanda ya tattara tara daga cikin labaran, sannan ka wuce The Caves of Steel na 1954, wanda a ganina ya fi duk dogayen labaransa tsari. Binciken kisan kai ne, ɗan sanda Elijah Baley da abokin aikin da aka ɗora masa, mutum-mutumi mai kama da mutum sak, a New York ta nan da shekaru dubbai, wadda aka lulluɓe da ƙarfe har mazaunanta suna tsoron fita fili. Yawan mutanen duniya da ya sa aka shiga wannan matsi a littafin biliyan 8 ne, adadin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun kai a Nuwamban 2022.

Tunda an taɓo rayuwarsa, in cike abin da ya rage. Ya rasu a New York ranar 6 ga Afrilun 1992, aka sanar da ciwon zuciya da na ƙoda. Sai a 2002 matarsa ta biyu, Janet, ta bayyana cewa ƙwayar cutar HIV ce da ya samu ta hanyar ƙarin jini lokacin tiyatar zuciya a Disamban 1983, likitoci suka ba da shawarar a ɓoye saboda tsangwamar da ake yi a wancan zamani. Mutumin da ya cika sararin samaniya da jirage sau biyu kacal ya hau jirgin sama a rayuwarsa, duka a zamanin yaƙi da aikin soja, kuma ya fi jin daɗin ƙaramin ɗaki rufaffe. Masu karatu sun sha tambayarsa yadda ya iya ƙago mummunan mafarki irin birnin ƙarfen nan marar taga, shi kuwa tambayar mamaki take ba shi, domin a wurinsa wuri ne mai daɗin zama. Gidansa na ƙarshe yana kallon Central Park daga hawa mai nisa, amma idan ya zauna gaban tafireta labule a sauke yake.